Kallo da Ido, Ko Kuwa da Hannu?

Duk wanda ya taɓa shiga gidan ajiye kayan tarihi ya san dokar da ake fara tarar baƙo da ita, watau kada ya taɓa kome. Takobi yana cikin akwatin gilashi, sulke yana rataye bayan igiya, mai gadi kuwa yana tsaye yana duban hannun mutane. Jama'armu da yawa suna jin zafin wannan, har wasu su fita suna cewa an mai da su ɓarayi. To, dokar nan adalci ce, ko kuwa wulakanta baƙo ce?

Bari mu fara ba mai ƙorafi gaskiyarsa, gama yana da hujja. Mu a ƙasar nan da hannu muke sanin abu. Ba mai sayen turmin zane bai murza shi ba, maƙeri kuwa ba ya yabon ƙarfe sai ya ɗaga ya ji nauyinsa. Har wa yau kayan nan na kakanninsa ne. Bakanon da ya shiga Gidan Makama, inda Muhammadu Rumfa ya zauna tun bai hau sarauta ba a 1463, ɗan gida ne ya zo duba gado. Yaya za a ce wa magaji ya tsaya nesa da gadonsa?

Amma fa gadon nan ba nasa ne shi kaɗai ba. Malamanmu sun koya mana cewa idan mutum ya rasu ya bar mace da ciki, ba a gaggauta rabon gado, sai a dakata har abin da ke cikin ya zo duniya, don kada a ci haƙƙinsa. Kayan tarihi haka suke, sai dai magadansu ba su ƙarewa: jikokinmu da tattaɓa-kunnenmu duk suna da rabo, ga shi kuwa ba su nan balle su yi magana. Hannun ɗan Adam, kome tsabtarsa, yana ɗauke da gumi da maiƙo. Gumin nan mai gishiri ne, shi ke sa takobi tsatsa, maiƙon kuwa ya baƙanta takarda. Taɓawar mutum ɗaya ba ta nuna kome, amma a duba bakin tsohuwar rijiya a ga yadda igiyar guga, mai laushi da ita, ta sassaƙe itace.

Ku tuna da mutum-mutumin Nok. An fara tono su a 1928 wajen haƙar kuza, na yumɓu ne da aka gasa, sun haura shekara 2000. A 1943 aka sami wani kai a Jama'a, wani ma'aikaci ya kafa shi a gonar doya don korar tsuntsaye, kafin ya kai hannun Bernard Fagg, wanda ya buɗe gidan kayan tarihi na Jos a 1952. Da yaro guda ya jefe shi da hoge, da shi ke nan.

Saboda haka ni a ganina dokar tana kan hanya. Inda nake da magana shi ne a kan masu tsaron gidajen, zama wanda ya hana ka abu, ya wajaba ya gaya maka dalili, ya kuma ba ka madadinsa. A wasu wurare sai ka ga an rubuta bayani da Turanci kaɗai. Dattijo ya sha wahala ya koyi karatu da tsufansa, ya zo gaban kayan kakansa, a sake mai da shi jahili! Lalle a rubuta da Hausa, boko da ajami, manyan baƙaƙe, mai rakiya kuma ya saki fuska.

Maganar hannu kuwa, ai maƙera da masaƙa da magina tukwane ba su ƙare ba. A sa su su kwaikwayi takobin da tulun da zanen, a ajiye kusa da na ainihi, kowa ya ɗaga ya murza iyakar son ransa. In ya lalace a sake wani. Da haka makaho ma, wanda akwatin gilashi bai amfane shi da kome ba, sai ya shafa ya san kamannin takobin da aka fita yaƙi da shi.