Doka Da Mutunci A Fagen Wasa

Masu iya magana na cewa so hana ganin laifi. Da wannan magana za mu auna wata tambaya da ta daɗe tana damun masu tunani: shin duk abin da doka ta halatta ya zama daidai ke nan, ko kuwa akwai wata iyaka da mutunci ya shata wadda ba a rubuta ta a littafi ba? Fagen da za mu duba shi ne karawar kurket tsakanin Ingila da Ostareliya.

Kurket wasa ne na mutum goma sha ɗaya a kowane ɓangare. Mai jifa yana auna sanduna uku da aka kafa a ƙasa, mai duka kuma yana kare su da faffaɗar sanda, yana neman maki. Mafi daraja a cikinsa shi ne wanda ake kira Tes, wanda a yau kan ɗauki har kwana biyar, kuma ƙasashen nan biyu ne suka fara buga shi a Melbon a 1877. A 1882 Ostareliya ta ka da Ingila a filin Oval na Landan da ratar maki 7, sai wata jarida ta buga ta'aziyyar ba'a, wai kurket ɗin Ingila ya rasu, za a ƙone gawar a kai tokar Ostareliya. Daga nan karawar ta sami sunan Ashes, wato toka.

A wancan wasa na 1882 wani abu ya faru. Sammy Jones na Ostareliya ya bar layinsa domin ya gyara ƙasar fili, yana zaton an dakata da wasa, sai W. G. Grace na Ingila ya ka da sandunansa, alƙali kuma ya tabbatar an fitar da shi. Doka tana tare da Grace. Amma 'yan Ostareliya sun ɗauki abin a matsayin cin amana, kuma da wannan fushin Fred Spofforth ya yi jifan da ya rusa Ingila.

Shekara 141 bayan haka, a 2023, a filin Lord's, Jonny Bairstow na Ingila ya bar layinsa yana zaton zagayen jifa ya ƙare, sai Alex Carey na Ostareliya ya jefo ƙwallo ya ka da sandunansa. Wannan karon doka tana tare da Ostareliya. 'Yan kallo suka yi ta ihu suna kiran baƙin mayaudara, har aka dakatar da mutum uku daga cikin 'ya'yan ƙungiyar da ta mallaki filin saboda cin mutuncin 'yan wasa. Cikin waɗanda suka fi nuna ɓacin rai har da Stuart Broad, wanda a 2013 ƙwallo ta taɓa sandarsa aka cafe, ya tsaya ƙyam bai fita ba, tun da alƙali bai gani ba. Lalle laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani.

To, mai karatu na iya cewa: tun da kowa na yi, ai maganar mutunci kukan wanda aka kayar ce kawai, a bar doka ta yi hukunci. Wannan magana tana da ƙarfi, domin doka ba ta san ɗan gida ba, ba ta san baƙo ba. Sai dai abin da ya faru a karawar 1932 zuwa 1933 ya nuna iyakarta. A 1930 Don Bradman ya tara maki 974 a kan Ingila. Domin a karya lagonsa, kyaftin Douglas Jardine ya umarci Harold Larwood da Bill Voce su riƙa jifa da ƙarfi suna auna jikin mai duka, aka kuma jera masu cafe ƙwallo kusa da shi. Babu dokar da ta hana. A Adeled ƙwallo ta sami Bill Woodfull a ƙirji, ta kuma fasa ƙoƙon kan Bert Oldfield. Ingila ta ci wasa huɗu cikin biyar, amma saura kaɗan zumuncin ƙasashen biyu ya taɓu, daga bisani kuma aka gyara dokar.

A nan hujjarmu take. Da a ce doka ce kaɗai ma'aunin daidai, da ba a sami dalilin gyara ta ba. Mutane sun ga abin ya munana tukuna, sannan aka rubuta haramcinsa. Ashe mutunci ne ke gaba, doka na biye da shi. Woodfull, wanda shi ne kyaftin ɗin Ostareliya, ya ƙi barin mutanensa su rama da irin wannan jifa, alhali doka ta ba shi dama. Ya rasa tokar, amma har yau da girma ake ambatonsa. Larwood kuwa, wanda umarni ya bi, ya ƙi neman gafara, bai sake buga wa Ingila ba, a 1950 kuma ya ƙaura zuwa Ostareliya, inda aka karɓe shi hannu bibbiyu.

Saura mu masu bin wasa daga nesa. Ɗan wasa yana yanke shawara cikin ƙiftawar ido, mu kuwa muna da kwanaki na yin tunani, don haka uzurinmu ya fi nasa ƙaranci. Ma'aunin da ya dace mu riƙe mai sauƙi ne: da namu ne ya yi wa nasu haka, me za mu ce? Idan hukuncinmu yana sauyawa da sauyawar riga, to, son kai ne muka yi wa rawani muka kira shi adalci. Wannan kuwa bai tsaya ga wasa ba, haka yake a zaɓe, a kasuwa, da a ɗakin jarrabawa.

Goyon baya ba aibi ba ne, domin wasan da babu wanda ya damu da wanda zai ci ba shi da armashi. A 2005, a filin Edgbaston, Ingila ta yi nasara da ratar maki 2 kacal. Yayin da 'yan'uwansa ke murna, Andrew Flintoff ya durƙusa kusa da Brett Lee na Ostareliya, wanda ya sha jifa bai sare ba, ya dafa shi yana ba shi haƙuri. Babu dokar da ta tilasta masa, kuma hakan bai rage komai daga nasararsa ba. Wanda ya ga abokin karawarsa a matsayin mutum kafin ya gan shi a matsayin abokin gaba, shi ne ya san dalilin da ya sa ake kiran abin wasa.