Ƙusar da ke ƙarƙashin dutse

A arewacin Wales, cikin ƙasar Birtaniya, akwai garuruwa irin su Bethesda da Blaenau Ffestiniog waɗanda dutse ya raya. Dutsen sileti ne, wanda Allah ya halitta hawa-hawa, har gwani ya iya tsaga shi falle-falle da guduma da ƙarfe mai kaifi, kowane falle bai kai kaurin ɗan yatsa ba. A ƙarni na 19, mahaƙan Penrhyn da Dinorwig sun yi ta aika shi duniya ana rufin gidaje da shi, kuma a 2021 hukumar UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya. Yau kam yankin Galisiya na ƙasar Sifaniya ne kan gaba a wannan kasuwa.

Ni dai yadda ake ɗora dutsen nan a kan rufi mai gangara ya fi jan hankalina. Mai rufi ba ya hawa sama sai ya zauna a ƙasa ya tantance kayansa: masu kauri gefe guda, don su zauna a bakin rufi inda ruwa ke taruwa, marasa kauri su tafi can ƙololuwa. Sannan ya fara jerawa daga ƙasa yana yin sama, kamar yadda mai jinka ke ɗora shuci bisa shuci. Kowane layi yana danne na ƙasansa, har ya zarce ya rufe kan na ƙasan wancan da kimanin inci 3. Shi ya sa falle mai tsawon inci 20, inci 8 da rabi kaɗai ido ke gani. Sauran duk yana ɓoye, kuma shi ne ke tare ruwan da iska ke korawa sama. Maƙetacin ma'aikaci yana iya rage wannan dannewar don dutse ya yi auki. Mai gida zai tsaya a tsakar gida ya ga rufi tsaf, ya biya kuɗi har da godiya, sai ruwa mai iska ya zo ya tona asiri.

Sai batun ƙusa, wanda a ganina nan ne ake sanin ɗan halak. Ƙusa biyu ake sa wa kowane falle, kuma aikinsu su rataye shi a jikin katako kawai. In aka buga ta da ƙarfi har ta matse dutsen, zai tsage, wataƙila ba a ranar ba, sai bayan sanyi da zafi sun yi ta juya katakon. In kuma aka bar kanta a tsaye, ita za ta huda fallen da ya kwanta a kanta. Tsakanin waɗannan biyu bugu ɗaya ne na guduma, kuma da zarar layi na gaba ya hau, babu mai sake ganin wurin. Mai rufin da Ubangijinsa kaɗai suka san abin da ya yi a nan. Ina girmama duk mai sana'ar da ke kyautata irin wannan gurbi, ko tela ne a cikin shafin riga, ko bakanike a cikin injin da ya riga ya rufe, domin amanar da ba za a taɓa bincika ba ita ce mai wuyar riƙo.

Sileti mai kyau yana wuce shekara 100 a kan gida. Amma tsofaffin gidaje da yawa a Birtaniya sun fara yoyo alhali dutsensu lafiya lau, saboda ƙusoshin baƙin ƙarfe da aka yi aiki da su sun yi tsatsa sun gutsure, falle ya riƙa sulɓewa ɗaya bayan ɗaya. Don haka masu aikin kirki yanzu ƙusar jan ƙarfe suke saye, duk da tsadarta. Idan an zo gyaran irin wannan rufi, sai a sauke dutsen a hankali, a riƙa ƙwanƙwasa kowane falle da guduma. Wanda ya yi ƙara a dushe a ajiye shi gefe, wanda ya yi amo garau a mayar da shi sama da sabuwar ƙusa.