Shi Ya Jawo Wa Kansa?

Sa'ad da saurayi ya daɗe yana shan tabar wiwi, sa'an nan hankalinsa ya taɓu, maganar da ake ji a bakin mutane ita ce, shi ya jawo wa kansa. Har a cikin ikkilisiya ana faɗin haka. Tambayar kuwa ita ce, ko wannan magana ta sauke mana nauyinsa?

Ba za mu ɓoye laifin wiwi ba. A shekara ta 1987 likitoci a ƙasar Suwidin suka fitar da binciken da suka yi a kan samari fiye da 45,000 waɗanda aka ɗauka aikin soja, suka bi lafiyarsu shekara 15. Waɗanda suka sha wiwi fiye da sau 50, haɗarin kamuwa da ciwon hauka mai daɗewa ya ninka musu wajen sau 6. Amma a lura, mafi yawan masu shan ba su kamu ba. Ashe wanda ya kwanta bai fi abokan shansa zunubi ba, ko da yake su suna yawo lafiya lau. Haka Ubangiji Yesu ya koyar a Luka sura 13, game da mutum 18 waɗanda hasumiyar Siluwam ta faɗa a kansu.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. A shekara ta 2007 aka bayyana wani irin kumburin ƙwaƙwalwa, inda garkuwar jiki take juyawa ta yaƙi ƙwaƙwalwar mai ita. Ba a cika samunsa ba, yakan kuwa kama matasa. Yakan fara da rashin barci, da surutai, da ganin abin da babu, daga baya jijjiga ta biyo. A idon maƙwabta, wannan haukan wiwi ne sak. Ciwon yana da magani in an gane shi da wuri, in an yi jinkiri yana iya kisa.

To, ƴan'uwa, in mai wannan ciwo mashayi ne, wa zai yi tunanin asibiti? An riga an san dalili, ko kuwa ana tsammani an sani. Sai a sa masa mari, a kulle ɗaki, a ce ya ɗanɗana kuɗarsa. Mu ba likitoci ba ne, ba mu iya rarrabe wannan da wancan da ido. Faɗa a kan wiwi yana iya jira har ya warke ya iya sauraro. Kumburin da ke cikin kansa ba ya jira, kowane mako da ya yi a ɗaure yana rage masa damar tashi.