Dokin da Ya Ƙi Bin Umarnina

Shekara tara ke nan ina cin abinci da rubuta manhajar kwamfuta, kuma babu abin da sana'ar nan ta saba mini da shi kamar biyayya. Na'ura ba ta musu. Ka ce ta goge bayanan mutum dubu goma, za ta goge su kafin ƙiftawar ido, ko da kuskuren harafi ɗaya ne ya sa ka ba da umarnin. Ban taɓa tambayar kaina ko irin wannan biyayya abin yabo ce ba sai da na hau doki a Aislan.

Ni da wani abokin aikina muka yi hayar mota, muka bi hanya mai lamba 1, wadda ta zagaye tsibirin, tsawonta ya haura kilomita 1,300. A kwana na huɗu muka sauka a wata gona a yankin Skagafjordur da ke arewacin ƙasar, wurin da ya yi suna da kiwon dawakai. Dawakansu gajeru ne, kakkaura, da geza buzu-buzu. Duk wanda ya saba ganin ingarmun hawan Daushe zai yi musu kallon raini, kamar yadda na yi. Suna da wata tafiya da ake kira tolt, mai sauri amma ba ta jijjiga mahayi. Saboda gudun cuta, dokar ƙasar ta hana shigo da doki daga waje, nasu ma idan ya fita ba ya dawowa.

Na biya kuɗin awa biyu. A raina, biyayyar awa biyu na saya.

Muna cikin tafiya muka iso wani rafi mai gangarowa daga narkakkiyar ƙanƙara, ruwansa launin toka, ba a ganin ƙasansa. Na hango inda ya fi tsukewa, na ja linzami na nufi can. Doki ya cije. Na zungure shi da diddige, ya kaɗa kai ya ja da baya. Matar da ke mana jagora ta ɗaga murya ta ce, "Sassauta masa linzami, ya fi ka sanin ruwan nan." Na sassauta, ba don na yarda ba, don kunya. Ya gangara zuwa inda rafin ya yi faɗi, ya tsallaka, ruwa bai wuce gwiwarsa ba. Daga baya ta ce mini inda rafi ya tsuke, nan ya fi zurfi da ƙarfi.

A mota na yi shiru, don na tuna wani matashi da ke aiki a ƙarƙashina. Wata biyu kafin tafiyar, na ce ya saki wani sabon gyara a manhajar biyan kuɗi ranar Juma'a da yamma. Ya ce ba a gama gwaji ba, ba zai saki ba. Na saki da hannuna, sannan na rubuta a rahoton aikinsa na shekara cewa yana da taurin kai.

Abin da ya dagula mini lissafi shi ne babu abin da ya lalace. Gyaran ya yi aiki lafiya, shi ya sa na ɗauka ni ke da gaskiya. To amma da na tilasta wa dokin nan, wataƙila da mun tsallaka lafiya, in sauka ina yabon kaina. Fita lafiya ba ta nuna cewa ka yi daidai. Wani lokaci sa'a ce kawai ta rufa maka asiri.

Ban ce kowane musu hikima ba ne. Doki kan cije don lalaci, ko don hankalinsa ya koma barga, kuma daga kan sirdi duka biyun ɗaya suke a wurin mahayi. Matar ta iya bambance su ne saboda ta daɗe tana tsallaka rafin da shi. Ni abin da na gani shi ne, cikin awa biyu ya bi ni ko'ina: hagu, dama, tsayawa, tashi. Wuri ɗaya tak ya ƙi. Da na lissafa, matashin nan ma cikin wata takwas sau ɗaya ya taɓa ce mini a'a, kuma ranar ban tambaye shi abin da ya hango ba.

Da na dawo na nemi a buɗe mini rahoton in gyara. Suka ce lokaci ya wuce, an riga an yanke ƙarin albashin bana a kansa, sai dai a duba baɗi. Na kira shi na gaya masa abin da na rubuta da abin da ya jawo masa. Ya ce, "Ba komai, yallaɓai," ya koma kujerarsa. Tun daga ranar, duk abin da na ce ya yi, yi yake.