Shirun Kunya da Shirun Gaba

Gida biyu suna iya haɗa katanga, dukansu tsit da dare, mai wucewa ya ce ai duk gidajen zaman lafiya ne. Amma a gidan farko maigida da matarsa sun gama hirarsu ne sun kwanta. A na biyun kuwa yau mako 3 ke nan tuwo kaɗai ke shiga ɗakin maigida, yaro ne kuma ke kai shi. Ashe shiru iri biyu ne, ko da yake kunne ba ya rarrabe su: akwai shirun kunya, akwai shirun gaba. Yawancin aure da zumuncin da suka lalace, sun lalace ne tun ranar da aka ɗauki na biyun aka sa masa sunan na farko.

Shirun kunya abu ne mai daraja a ƙasar Hausa. Mace ba ta kiran sunan mijinta, sai ta ce maigida, ko Malam, ko baban wane. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, a gaban mutane ma sai ta yi kamar ba ta san yana wurin ba. Saurayi yakan tuɓe takalmi ya durƙusa ya gai da surukinsa, ba ya haɗa ido da shi, ba ya cin abinci a gabansa. Baƙon da bai san al'ada ba zai zaci sanyin zuciya ne. Amma kowa a gidan ya san abin da wannan shiru yake faɗi. Ɗan fari ya san uwar da ba ta kiran sunansa ita ce ke ajiye masa nama a ƙasan tukunya. Alamar shirun kunya ke nan: ma'anarsa sananniya ce ga duka biyu, aikin kirki kuma yana tafe tare da shi.

Shirun gaba kuwa yakan ari rigar kunya ya shigo gida. Ga magidanci da hatsin rumbunsa ya yi ƙasa tun damina ba ta faɗi ba. Yana jin nauyin gaya wa matarsa, domin kada girmansa ya zube. Ita kuwa ba ta sani ba, tana ta auna tiya yadda ta saba, tana ba maƙwabta fura. Sai ya riƙa ɗaure fuska yana ce mata almubazzara a ransa, ita kuma ta ce a nata ran lalle ya ga wata a waje. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, babu wanda ya zagi wani, duk da haka ƙauna tana ta zurarewa. Gama zuciyar ɗan adam ba ta zama da tambaya babu amsa. Inda ba a faɗa mata dalili ba, sai ta ƙago nata, ba safai kuma take ƙago mai daɗi ba. Gonar da ba a shuka ba, ciyawa ce ke cinye ta.

Gidan sarki Dawuda ya isa misali, kamar yadda labarin yake cikin littafin Sama'ila na Biyu, sura 13 da 14. Amnon ya ɓata ƙanwarsa Tamar. Dawuda ya ji, ya husata ƙwarai, amma bai hukunta ɗansa ba. Absalom, wanda suke ciki ɗaya da Tamar, ya kama bakinsa bai ce wa Amnon kome ba har shekara 2. Mai kallo daga nesa zai ce abin ya wuce. A ƙarshen shekarun nan ne Absalom ya sa barorinsa suka kashe Amnon a wurin bikin sausayar tumaki. Ya gudu Geshur ya yi shekara 3. Da aka komo da shi Urushalima, ya ƙara shekara 2 a gari ɗaya da ubansa ba su ga juna ba, har sai da ya sa aka cinna wa gonar Yowab wuta domin a saurare shi. Shekara 7 ke nan na kame baki, abin da suka haifa kuwa shi ne gawa, da gudun hijira, da tawayen ɗa ga ubansa. Yaron da ke ta da fitina a gida yau, sau da yawa gonar Yowab yake ƙonewa, domin ya rasa wata hanyar da za a kula da shi.

Tsakanin shiru da magana akwai wata hanya da mutane suka fi so, watau habaici. Mace takan zagi akuya alhali da kishiyar sauri take. Wata takan saka damuwarta cikin waƙar daka, yadda maigida zai ji daga zaure. Namiji yakan yaba girkin matar maƙwabci da ƙarfi. Habaici yana da daɗi ga mai yinsa, domin ya harba kibiya, in an tambaye shi kuma ya ce ai ba da kowa yake ba. Amma maganar da mai ita ya ƙi amsa cewa tasa ce, ba a iya ba ta amsa, ba a iya neman gafara a kanta. Haka kuma aike. Dattawa suna da babban amfani ranar da mace ta yi yaji aka tafi biko, gama suna sanyaya zuciya, suna kiyaye mutuncin dangi biyu. Amma in ya zama kowace ƙaramar magana sai an ce wa yaro je ka gaya wa uwarka, an ɗora wa yaron kayan da ya fi ƙarfinsa, an kuma koya masa yadda zai riƙe nasa gidan.

Cin rani yana nuna wannan a fili. Tun zamanin kakanni samarin Adar da Gobir da Damagaram sukan tafi Abijan, da Kumasi, da Kwatano, da Legas bayan an cire amfanin gona. A dā wasiƙa ce ke tsakaninsu da gida. Wani ne ke rubutawa, wani ne ke karantawa, sau da yawa a gaban dangi, saboda haka ba abin da ke ciki sai gaisuwa da lissafin kuɗi. Daga baya wasu suka riƙa ɗaukar muryarsu a kasat suna ba matafiya su kai. Tun wajen shekara ta 2001 da wayar salula ta fara bazuwa a Nijar, mutum yana iya jin muryar matarsa daga bakin teku, ba marubuci, ba ɗan aike. Nisa ya ragu. Amma sai a saurari abin da ake faɗi: an karɓi saƙo? Nawa aka sayi buhu? A gai da su inna. Miji bai faɗi cewa wata 2 ke nan ba shi da aiki ba, matar ba ta faɗi abin da take sha a hannun danginsa ba. Waya tana kai murya, amma buɗe ciki aikin mai maganar ne.

Wani zai ce, ai magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Baki shi ke yanka wuya. Ciki kuma ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Gaskiya ne. Akwai auren da kalma ɗaya ta kashe, akwai gorin da aka yi cikin fushi wanda shekara 20 ba ta goge ba. Mai faɗin duk abin da ya zo bakinsa yana cewa shi ba munafuki ba ne, shi ma mai rushe gida ne. To, yaya mutum zai gane shirun da ya kamata? Sai ya tambayi kansa: wa wannan shiru yake rufa wa asiri? In yana rufe kasawar ɗan'uwa ne, wadda an riga an yafe ta, ba a kuma niyyar tono ta gobe, wannan haƙuri ne. In kuwa girman kan mai shirun yake tsarewa, ko ana tara laifi ne kamar bashi domin ranar biya, ko an yi shi ne domin ɗayan ya ji zafi, to, gaba ce, kome sunan da aka ba ta. Akwai kuma abin da ɗayan yake da hakkin sani, kamar ciwo, da bashi, da abin da ya shafi 'ya'ya. Ɓoye waɗannan zalunci ne, ko da kunya ce ta sa.

Kunya kanta ba ta hana magana, tana koya yadda za a yi ta ne. Ita ce ke cewa a jira yara su yi barci, kada a tari mutum da ƙara yana shigowa daga gona da yunwa, kada a tona shi a gaban baƙi. Tsarin da ke cikin Matiyu sura 18 ya bi wannan hanya: a fara samun mai laifin a kaɗaice, sa'an nan in ya ƙi ji a nemi mutum ɗaya ko biyu, ikilisiya ce ta ƙarshe. Mutane da yawa suna juya tsarin, zumuntar mata da abokan majalisa duk sun ji, wanda abin ya shafa ne kaɗai bai ji ba. Rabin magana kuma saurare ne. Wanda yake shirya amsarsa tun ɗayan bai rufe baki ba, bai ji kome ba tukuna.

Abin da ya fi wuya shi ne farawa. Kowane ɗaya yana jiran ɗayan, miji yana cewa shi ne babba, mata tana cewa ita aka cuta, wa yana jiran ƙane, kwanaki suna zama shekaru. Harshe da haƙori ma sukan saɓa, amma ba su taɓa raba baki ba. Wanda ya fara cewa “zo mu yi magana” yakan ji kamar ya zubar da girmansa, alhali shi ne ya ceci gidan. Duk mai ɗan'uwan da ya daina gaisawa da shi, ko matar da sai tuwo ke haɗa su, kada ya jira ranar makoki, gama a bakin kabari mutum ɗaya ne kaɗai ke magana. Allah ya ba kowane gida bakin faɗin gaskiya cikin ƙauna, da kunnen saurarenta.