Amincin Hanya, Ni'imar da Ba Mu Lissafa Ba

Karatun safiyar yau: Suratu Saba'i, aya ta 15 zuwa ta 19.

Ayoyin nan labarin mutanen Saba'i na ƙasar Yaman suke bayarwa. Abin da yawancinmu muka riƙe a labarin shi ne gonakinsu na dama da hagu, da madatsar ruwan Ma'arib da ta ɓalle. Amma akwai wata ni'imar da Allah Ya lissafa musu wadda ido kan tsallake, wato hanya. Tsakaninsu da ƙasar Sham garuruwa ne a jere, an daidaita nisan da ke tsakaninsu. Malaman tafsiri sun ce matafiyi kan yi ƙailula a wannan gari ya kwana a na gaba, ba ya wahalar ɗaukar guzuri, kuma dare ko rana ba ya tsoron kowa. Da daɗi ya yi musu yawa sai suka gundura, suka roƙi a nisanta musu zango. Aka ba su abin da suka roƙa, suka watse, suka zama abin labari.

Mu ma a ƙasar Zamfara an taɓa jera mana zanguna. Layin dogo ya isa Kano a 1911, sannan a 1929 aka kammala reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda, tafiyar fiye da kilomita 200. Turawan mulkin mallaka saboda auduga da gyaɗa da fatu suka shimfiɗa shi, kuma da gumin kakanninmu aka yi shi, wasunsu ma aikin tilas ne ya kai su. Duk da haka Allah Ya juya shi ya zama alheri ga talaka. Gusau, garin Malam Sambo Ɗan Ashafa, ta bunƙasa da kasuwanci, baƙi daga kudu suka cika Sabon Gari, ɗalibi ya samu hanyar zuwa Zariya karatu, tsohuwa ta samu hanyar zuwa sunan jikanta. A Suratun Nahli, bayan Allah Ya ambaci dawaki da alfadarai da jakuna, Ya sanar da mu cewa Yana halittar wasu abubuwan da ba mu sani ba, kuma malamai da dama na wannan zamani sun ga jirgin ƙasa da mota a cikin wannan bayani.

Duk wanda ya hau wannan jirgi da abokansa lokacin kaka ya san ranar da nake nufi. Muna samari mukan haɗa kuɗi mu damƙa wa babbanmu, shi ke yankan tikiti, shi ke riƙe guzuri, domin an koya mana cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya yi umurni idan mutum uku za su yi tafiya su naɗa ɗaya shugaba. Jirgi ya yi kuka, taragai su motsa, kowa ya karanta addu'ar hawa abin hawa, sai rububin taga. Ba a yi nisa da Gusau ba za ka hango Dutsen Kwatarkwashi na ƙasar Bunguɗu ya tokare sama, shaho da mikiya na shawagi a kansa. Daga nan sai gonaki: dawa ta sunkuyar da kai, auduga ta fashe fari fat, ɗan Fulani ya rataya sanda yana ɗaga mana hannu. Kusa da Tsafe wani dattijo ya nuna mana yamma da gemunsa ya ce, "Samari, ku dubi can, ƙasar 'Yandoto ke nan. Tun kafin jihadin Shehu malamai ke karantarwa a nan." Muka ce, "Allah Ya saka da alheri, Baba." A tashar Tsafe 'yan talla su yi caa a tagogi da fura da ƙosai da rake da dafaffiyar gyaɗa, wanda ya saya ya miƙa wa na kusa da shi ko bai san sunansa ba. A tarago ɗaya ga Bazamfare, ga Bayarabe mai kanti, ga Ibo makaniki, ga matar aure da goyo, kowa na gyara wa kowa wurin zama.

Mun yi hirar dutse, mun yi hirar fura, mun yi musu a kan wace tasha ta fi kyau. Abu ɗaya ne babu wanda ya ambata a cikinmu: mun ratsa daji tun safe har la'asar ba tare da gaban kowa ya faɗi ba. Iyayenmu sun sallame mu ba su kwana a zaune ba. Wannan ita ce babbar kyautar ranar, ita ta ɗauki sauran duka, kamar yadda ƙasa ke ɗauke da rumbu amma hatsin kawai ake yabo.

Yau fa? Kukan jirgi ya yi wuyar ji a wannan layi, ciyawa ta rufe dogo a wurare da yawa. Hanyar mota daga Gusau zuwa Tsafe zuwa Funtuwa ta zama abin da ake shiga da istigfari, direba na duba agogo kada yamma ta same shi a daji. Ko sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 bai tsira ba: ranar 28 ga Maris, 2022 'yan bindiga suka tare jirgin, suka kashe wasu, suka yi garkuwa da wasu na tsawon watanni. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. To, ƙafar ce aka ɗaure. Ana biki a Bunguɗu, 'yar'uwa na Tsafe sai dai ta buga waya ta yi Allah-sa-alheri.

Kada wani ya ɗauki labarin Saba'i ya jefi waɗanda aka zalunta. Manomin da aka sace a gonarsa da yarinyar da aka raba da iyayenta babu laifin da suka yi, alhakinsu na kan azzalumai da masu taimaka musu da shugabannin da suka yi sakaci da amana. Darasin namu ne, mu da muka wayi gari lafiya. Ni'imar da aka saba da ita takan ɓace wa ido, kuma wadda ba a gode mata ba, ba a tsare ta. A Suratu Ƙuraishi Allah Ya haɗa abu biyu a matsayin dalilin bauta Masa, ƙoshi bayan yunwa da aminci bayan tsoro, kuma a kan tafiye-tafiyen fatauci Ya yi maganar. Mukan ce Alhamdu lillahi idan mun tashi daga akushi. Sau nawa muke faɗar ta da zuciya ɗaya idan mun sauka daga mota lafiya?

Godiya kuwa tana da aiki. Ƙarfen dogo dukiyar al'umma ce, mai kwance shi ya sayar da mai saye duk sun ci amana. Mai kai wa ɓarayin daji labarin matafiya, ko mai, ko abinci, da hannunsa a jinin da aka zubar. Wanda aka ba kujera don ya gyara hanya ya tsare ta, za a tambaye shi. Mu kuma da sauran abin da ke hannunmu: tafiyar da za ka yi yau, ko zuwa kasuwa ce ko makaranta ko gona, ka fara ta da addu'a, ka kyautata wa wanda kuka zauna kujera ɗaya, ka ɗaga kai ka dubi halittar Allah. Ka nemi abokin tafiyarka na dā da kuka daɗe ba ku gaisa ba. Idan kana kan hanya ka tuna addu'ar matafiyi karɓaɓɓiya ce, kada ka ƙare ta a kan buƙatunka kaɗai, ka sa waɗanda ke tsare a daji.

Mu yi addu'a. Ya Allah, mun gode maka da Ka tashe mu lafiya, mun gode da kowace tafiya da muka je muka dawo. Ka gafarta mana ni'imomin da muka ci ba mu gode ba. Ka kuɓutar da bayinka da ke hannun azzalumai, Ka mayar da su ga iyalansu. Ka jiƙan waɗanda suka rasu a hanya, Ka ba nasu haƙuri. Ka shirya masu shiryuwa, Ka kare mu daga sharrin waɗanda suka ƙi. Ka ba shugabanninmu tsoronka da ƙarfin riƙe amana. Ka dawo da aminci a Gusau da Tsafe da Bunguɗu da Ƙauran Namoda da ƙasarmu baki ɗaya, 'ya'yanmu su yi tafiya dare da rana babu fargaba. Amin.