Shin Ana Sayen Karamci?

Mai hutu a tsibirin Zanzibar yakan sha ruwan kwakwa, ya ci gasasshen kifi a bakin teku, a zagaya da shi gonakin kanumfari. Ana tarbarsa da fara'a, amma fara'ar tana cikin kuɗin masauki. Mu kuwa a Azare da Katagum, baƙo kan sha fura tun ba a tambayi sunansa ba. Sai dai kada mu yi gaggawar yabon kanmu. Wanda ya gasa kifin can an biya shi ladan guminsa. Matar da ta surfa gero, ta kirɓa furar nan fa? Maigida ake yi wa godiya a zaure, ita tana cikin gida tana wanke ƙwarya.